Babi na Biyar: Waƙar da 'Yan Kallo Suka Ƙwace

A farkon shekarun 1960, filin wasa na Anfield da ke birnin Liverpool yana da wata 'yar al'ada. Kafin 'yan wasa su fito, mai kula da lasifika yakan sa waƙoƙi goma da suka fi kasuwa a Birtaniya a wannan makon, ya faro daga ta goma har ya iso ta ɗaya. Babu wata hikima a ciki, an dai yi ne don a rage wa jama'a gajiyar jira. Su kuwa mutanen da ke bayan raga, a matsayar nan da ake kira Kop, sai su kama duk waƙar da aka sa su yi ta bi. Waƙar soyayya ce ko ta rawa, ba ruwansu. Ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na masana'antu, masu kaurin murya, suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna rera waƙoƙin Beatles da na Cilla Black. Har gidan talabijin na BBC ya je ya ɗauki hotonsu a 1964 saboda mamakin abin.

A watan Oktoba na 1963 wata sabuwar waƙa ta shiga wannan jeri, mai suna "You'll Never Walk Alone", ta ƙungiyar Gerry and the Pacemakers, su ma 'yan garin ne. Ta hau ta ɗaya, ta yi mako huɗu a can, sannan ta fara gangarowa kamar yadda kowace waƙar yayi take yi. Bisa ƙa'ida, ranar da ta fita daga cikin goman nan an gama da ita ke nan. Sai Kop ya ƙi sakinta. Aka daina sa ta a lasifika, suka ci gaba da rera abarsu da baki, har masu filin suka ga babu makawa suka mayar da faifan. Yau fiye da shekara sittin ke nan ana sa shi kafin kowane wasan gida.

Da yawa daga cikin masu rera ta ba su san cewa ba a Ingila aka haife ta ba, kuma ba ta da dangantaka da ƙwallo ko ta anini. Amurkawa biyu ne suka tsara ta, Richard Rodgers ya yi kiɗa, Oscar Hammerstein ya rubuta baitoci, domin wani wasan daɓe mai suna Carousel da aka fara nunawa a New York ranar 19 ga Afrilu, 1945. Duba lokacin da kyau: mako guda da rasuwar Shugaba Roosevelt, saura 'yan makonni a gama Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, zauren kallo cike da matan da mazajensu ko 'ya'yansu suka tafi fagen fama. A cikin wasan, wata mata ce mai juna biyu mijinta ya mutu a wani yunƙurin fashi da bai yi nasara ba. Tana durƙushe a kan gawarsa, sai wata 'yar'uwarta ta matso ta rera mata wannan waƙa don ta ba ta haƙuri. Tun ranar farko, waƙar ta'aziyya ce. Ba ta yi wa matar alkawarin cewa mijin zai dawo ko talaucin zai gushe ba. Abin da ta ba ta shi ne ƙwarin gwiwar ci gaba da tafiya, da tabbacin cewa ba za a bar ta ita kaɗai ba. A ganina duk abin da ya biyo baya a tarihin waƙar daga nan ya samo tushe.

Gerry Marsden, wanda aka haifa a unguwar Toxteth a 1942, a silima ya fara jin ta, bayan an mayar da wasan fim a 1956. Ƙungiyarsa tana ƙarƙashin manaja ɗaya da Beatles, wato Brian Epstein, kuma mai haɗa musu sauti ɗaya ne, George Martin. Faifansu biyu na farko waƙoƙi ne masu zafi, na matasa, kuma duk sun hau ta ɗaya. Kamar yadda Marsden ya sha ba da labari, da ya ce wannan yake so ta zama ta uku, manyan nasa sun ɗan ja baya, suna ganin ta cika sanyi. Ya nace, aka yi, ta hau ta ɗaya ita ma. Da haka suka zama mawaƙa na farko a Birtaniya da faifansu uku na farko suka kai ƙololuwa a jere, abin da ko Beatles ba su yi ba.

Ta kuma faɗo a kan gaɓa. Bill Shankly, ɗan ma'aikatan haƙar kwal daga Scotland, ya karɓi ƙungiyar Liverpool a 1959 tana rukuni na biyu, ya hau da ita a 1962, ya ci gasar ƙasa a 1964, ya ɗauko mata kofin FA na farko a tarihinta a 1965. Kop na wancan zamani babu kujera ko ɗaya, mutum kusan 28,000 ne a tsaye ƙarƙashin rufi guda, in an kai hari taron ya tunkuɗo gaba, in ƙwallo ta wuce ya koma baya. Sunan ma na makoki ne: an ɗauko shi daga wani tsauni a Afirka ta Kudu, Spion Kop, inda sojojin Birtaniya da dama, ciki har da 'yan yankin Lancashire, suka halaka a yaƙinsu da Boer a watan Janairu na 1900. Shankly ya ƙaunaci waƙar. Bayan rasuwarsa a 1981 aka gina ƙofar ƙarfe da sunansa a filin, aka rubuta sunan waƙar a samanta, daga baya kuma aka sa shi a tambarin ƙungiyar.

Wannan shi ne tarihin da ke cikin littattafai. Amma ka zauna da masoyan waƙar ka ce su ba ka labarinta, da wuya ka ji Rodgers ko George Martin a bakinsu. Mutum za su ambata maka. Wani zai ce mahaifinsa ne ya fara kai shi fili yana ɗan shekara bakwai, ya ɗora shi a wuya, kuma ranar ce ya fara ganin hawaye a idon tsohon. Wata za ta ce kujerar da ke gefenta ta yayanta ce, ya rasu, har yanzu in an fara waƙar takan ɗaga ƙyallen wuyansa maimakon nata. Akwai masu tuna gadon asibiti, akwai masu tuna ranar aurensu, akwai waɗanda aikin ci-rani ya kai wata ƙasa, suka ji ta a rediyon mota suka gangara gefen titi suka tsaya. Sau da yawa mai ba da labarin ya manta da wa aka buga ranar, ya manta ko an ci ko an sha kashi. Wanda ke tsaye kusa da shi ne bai manta ba.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abubuwan da suka faru da mutum daga kusan shekara goma zuwa talatin su ne suka fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa, kuma waƙa tana daga cikin manyan abubuwan da ke buɗe wannan taska. BBC tana da wani tsohon shiri na rediyo, Desert Island Discs, tun 1942, inda ake ce wa baƙo ya zaɓi faifai takwas da zai tafi da su in za a jefa shi wani tsibiri shi kaɗai. Wani nazari da Catherine Loveday ta Jami'ar Westminster ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya bi zaɓin baƙin shirin ya gano cewa kusan rabin waƙoƙin suna da alaƙa da waɗannan shekarun ƙuruciya, kuma babban dalilin da mutane ke bayarwa shi ne waƙar tana tuna musu da wani. Shankly da kansa ya shiga shirin a 1965, kuma wannan waƙa tana cikin takwas ɗinsa.

Ginin waƙar ma yana da hannu a ciki. Ba ta kai minti uku ba. Tana farawa ƙasa-ƙasa, inda muryar tsoho da ta yaro duk za su iya kamawa, sai ta riƙa hawa a hankali ba tare da ta koma baya ta maimaita amshi ba, har ta kai wani tudu kusa da ƙarshe inda muryar yawancin mutane ke tsinkewa. In kai kaɗai ne a ɗaki, da wuya ka kai ta gida lafiya. A cikin mutum dubu hamsin kuwa, inda taka ta yanke ta wani ta ɗauka, ba wanda ya san wa ya kasa. Jimlolinta dogaye ne, dole kowa ya ja numfashi a wuri ɗaya, kuma masu bincike a Gothenburg ta ƙasar Sweden sun nuna a 2013 cewa masu rera waƙa tare bugun zuciyarsu yakan fara tafiya bai ɗaya saboda numfashin da suke ja tare. George Sephton, wanda ya riƙe lasifikar Anfield daga 1971 har zuwa 2025, yakan rage sautin faifan in an kusa ƙarshe, ya bar jama'a su ƙarasa da kansu.

Da a nan labarin ya tsaya, da taken ƙungiya ce kawai mai daɗi, irin wadda kowane kulob ke da ita. Ranar 15 ga Afrilu, 1989 ce ta sauya ta.

Ranar Asabar ce, Liverpool za ta kara da Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA, a filin Hillsborough da ke Sheffield. Magoya bayan Liverpool sun taru a ƙofofin shiga na ɓangaren Leppings Lane, ƙofofin sun yi kaɗan, cunkoso ya yi tsanani a waje. Saura minti takwas a take wasa, babban jami'in 'yan sandan da ke kula da filin, David Duckenfield, ya ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofar fita. Mutum kusan dubu biyu suka shiga, kuma ba a sa kowa ya tare hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke kaiwa matsayar tsakiya ba, alhali ta riga ta cika. Gaba shingen ƙarfe ne, gefe shingen ƙarfe ne. Aka matse mutane suna tsaye har numfashinsu ya ɗauke. Alƙalin wasa ya tsayar da wasan da ƙarfe 3:06. Adadin waɗanda suka rasu ya kai 96, sannan ya zama 97 a 2021 bayan rasuwar wani da ya yi shekara 32 yana jinyar raunin da ya samu ranar. Mafi ƙanƙantarsu yaro ne ɗan shekara goma, ɗan'uwan Steven Gerrard, wanda daga baya ya zama ɗan wasan Liverpool, shi kansa a lokacin yana ɗan shekara takwas.

Washegari aka buɗe Anfield, jama'a suka yi ta zuwa da furanni har suka rufe kusan rabin filin. Magoya bayan Everton, abokan hamayyarsu na cikin gari, suka ƙulla ƙyallayen wuyansu masu shuɗi da jajayen Liverpool, aka ja su tun daga filin wannan har na wancan. Kocin ƙungiyar, Kenny Dalglish, da 'yan wasansa suka bi gidajen mamatan, akwai ranar da ya halarci jana'iza huɗu. A coci-coci da bakin kaburbura, waƙar da aka saba rerawa don a zuga 'yan wasa ta koma aikinta na asali.

Sai kuma ƙarya ta biyo baya. Tun ana kwasar gawarwaki Duckenfield ya shaida wa shugabannin hukumar ƙwallo cewa magoya baya ne suka ɓalle ƙofar. Kwana huɗu bayan haka, ranar 19 ga Afrilu, jaridar The Sun ta buga a shafinta na farko cewa 'yan Liverpool sun yi maye, sun yi wa mamata sane, sun ci zarafin 'yan sandan da ke ceto. Babu gaskiya a ciki. A daren wannan rana, a birnin Milan na Italiya, AC Milan na wasa da Real Madrid a gasar Turai. Jim kaɗan da farawa alƙalin wasa ya tsayar don a yi shiru na minti ɗaya, sai 'yan kallon Italiya, waɗanda Ingilishi ba harshensu ba ne, suka ɗauki waƙar Liverpool suka rera. Tsofaffin magoya baya har yau suna haɗa abubuwan nan biyu in suna ba da labari: jaridar ƙasarsu ta zage su da safe, baƙi suka yi musu ta'aziyya da dare. Har gobe akwai shaguna da yawa a Liverpool da ba sa sayar da wannan jarida.

Rahoton Mai Shari'a Taylor, wanda ya binciki lamarin, ya ɗora babban laifin a kan gazawar 'yan sanda, amma kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce a 1991 tsautsayi ne. Iyalan suka ƙi yarda. Yawancinsu talakawa ne, uwaye da ubanni da ba su taɓa shiga kotu ba, suka yi ta fafutuka shekara da shekaru ana ce musu su haƙura su manta. A shekarun wannan fafutuka, kowace 15 ga Afrilu a taru a Kop, a karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya, a rufe da waƙar. A taron cika shekara ashirin, a 2009, wani minista mai suna Andy Burnham ya tashi yin jawabi, dubban mutane suka katse shi da kiran a yi adalci, ya tsaya ya saurara, ya koma Landan ya matsa a buɗe takardun. Kwamitin da aka kafa ya fito da rahotonsa a watan Satumba na 2012: an sauya bayanan 'yan sanda 164, kuma mutum 41 daga cikin mamatan mai yiwuwa da sun rayu in da an kai musu ɗauki yadda ya kamata. Firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. Aka soke hukuncin farko, aka sake zama a garin Warrington na tsawon shekara biyu, kuma ranar 26 ga Afrilu, 2016 aka yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, magoya baya kuma ba su da laifin komai. Iyalan suka fito ƙofar kotu, suka riƙe hannun juna, suka rera waƙar. Shekara 27 ke nan. Wasu daga cikin iyayen da suka fara tafiyar ba su ga ranar ba. Duckenfield ya amsa a gaban kotun cewa ƙarya ya yi game da ƙofar, amma da aka gurfanar da shi kan kisa ta hanyar sakaci an wanke shi a 2019.

Mai karatu Bahaushe zai iya jin abin banbaraƙwai: waƙar faifai a wurin jana'iza? A wurinmu addu'a ake yi, a ba da haƙuri, a bar wa Allah. Sai dai a tuna irin ƙasar da ake magana a kanta. A ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales sun gaza rabi, kashi 46 cikin ɗari, masu cewa ba su da addini kuma sun kai kashi 37. Mutane da yawa a can babu wani wuri da suke haɗuwa da dubban jama'a duk mako, su miƙe tare, su furta kalmomi ɗaya, in ba filin ƙwallo ba. To ranar da mutuwa ta shigo gida, abin da suka haddace shi suke ɗaukowa. Kamfanin Co-op, ɗaya daga cikin manyan masu shirya jana'iza a Birtaniya, yakan fitar da jerin waƙoƙin da aka fi nema, kuma a 2021 wannan ce ta zo ta ɗaya. Ni dai ina ganin aikin da take yi musu ya yi kama da na mutumin da ya zo zaman makoki, ya yi gaisuwa a taƙaice, ya nemi gefen tabarma ya zauna har la'asar. Bai dawo da mamaci ba, amma mai gida ba zai manta ya zo ba.

Kada kuma a ɗauka waƙa tana wanke mutane. Shekara huɗu kafin Hillsborough, a filin Heysel na Brussels, wasu magoya bayan Liverpool sun afka wa ɓangaren da 'yan Juventus suke, katanga ta rushe, mutum 39 suka mutu, aka kori kulob-kulob na Ingila daga gasannin Turai na shekara biyar. Bakin da ya rera waƙar rakiya shi ne kuma yakan rera ta cin mutunci. Abokan hamayya su ma sun juya baitocinta suna yi wa 'yan Liverpool gorin rashin aikin yi, tun shekarun 1980 da tashar jiragen ruwa ta durƙushe.

Daren da matasa suka fi tunawa kuwa shi ne na 25 ga Mayu, 2005 a Santambul, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, kuma da AC Milan ɗin nan. Maldini ya ci tun a minti na farko, Crespo ya ƙara biyu, aka tafi hutun rabin lokaci uku da nema. A cikin hutun ne magoya bayan Liverpool suka fara rera waƙar. Jamie Carragher, wanda ya buga wasan, ya bayyana cewa ba irin ta kullum ba ce, a hankali ta fito, da baƙin ciki, kamar addu'a. Aka dawo, Gerrard ya ci a minti na 54, Smicer a na 56, Alonso a na 60, mai tsaron gida Dudek ya yi abin da ya yi, Liverpool ta ɗauki kofin a bugun fenareti. Tun daga ranar ake cewa waƙar ce ta ci wasan. Ban yarda ba. Koci Benítez ya sako Hamann ya toshe tsakiya, Kaká ya rasa filin da yake yawo a ciki, wannan shi ne bayanin ƙwallo. Ai an rera waƙar a Athens a 2007 Milan ta rama, an rera ta a Kyiv a 2018 da Paris a 2022 Real Madrid ta yi nasara. Abin da ya sa hutun Santambul ya zauna a zukata shi ne waɗanda suka rera ta a lokacin ba su san za a farke ba. Sun kashe kuɗinsu, sun yi doguwar tafiya, ana yi musu wulaƙanci a idon duniya, suka zaɓi su gaya wa 'yan wasansu cewa suna nan. Da an tashi biyar da nema ma, waƙar ta riga ta yi aikinta.

Waƙar kuma ta bazu duniya. Celtic ta Scotland, Borussia Dortmund ta Jamus da Feyenoord ta Holan duk sun ɗauke ta. A 2013 mutum 95,000 suka rera ta a Melbourne ta Ostareliya a wasan sada zumunta kawai. Da annobar korona ta rufe Turai, gidajen rediyo sama da ɗari a ƙasashe daban-daban suka sa ta a lokaci guda da safiyar 20 ga Maris, 2020, kuma wata guda bayan haka wani tsohon soja ɗan shekara 99, Kyaftin Tom Moore, ya kai ta ta ɗaya a jadawalin Birtaniya yana tara wa asibitoci kuɗi. Liverpool ta ci gasar Firimiya a wannan shekarar bayan jiran shekara 30, aka ɗaga kofi a Kop babu ɗan kallo. Marsden ya rasu ranar 3 ga Janairu, 2021, filin yana rufe, ba a samu taron da zai raka shi da waƙarsa ba.

Lokuta biyu sun fi burge ni a 'yan shekarun nan, domin a duka biyun ba don kai aka rera ta ba. A watan Afrilu na 2022 Cristiano Ronaldo, yana Manchester United a lokacin, ya rasa jaririnsa. Washegarin sanarwar United ta zo Anfield, shi bai zo ba. Wanda ya san gabar da ke tsakanin ƙungiyoyin nan biyu ya san babu ragayya. A minti na bakwai, lambar rigarsa, filin ya miƙe da tafi, sannan Kop ya ɗauki waƙar. Aka gama, aka koma aka lallasa United huɗu da nema. Na biyu shi ne Sven-Göran Eriksson, tsohon kocin Ingila ɗan Sweden, wanda ya bayyana cewa ciwon daji ya ci ƙarfinsa, kuma burinsa tun yana yaro, shi da mahaifinsa, shi ne Liverpool. A watan Maris na 2024 aka ba shi kujerar koci na yini ɗaya a wasan tsofaffin 'yan wasa da Ajax. Ya tsaya a bakin fili ana rera masa, idonsa ya cika. Ya rasu a watan Agusta.

A gidajen kallo na Kano, Kaduna, Jos, Maraɗi da Damagaram, waƙar tana zuwa ne ta cikin talabijin, a daidai lokacin da ake karɓar kuɗin shiga, inji na ƙara, ana gardamar wa koci ya ajiye a benci. Ba kasafai ake rera ta ba, da yawa ma ba su damu da baitocin ba. Haruffa huɗu na farkon kalmomin sunanta su ne suka shigo, a bayan Keke Napep, a ƙarshen rubutu a Facebook, a saƙon da ɗan Liverpool ke tura wa ɗan'uwansa bayan an sha kashi. Wasu Santambul ce ta jawo su, wasu kuma sujadar Mohamed Salah da Sadio Mané bayan cin ƙwallo. Su ma in ka tambaye su daren Barcelona na 7 ga Mayu, 2019, da aka farke uku aka ƙara ɗaya ba tare da Salah ba, 'yan wasa suka jeru gaban Kop suna rerawa tare da jama'a, za su gaya maka gidan kallon da suke, da abokin da suka rungume, da ɗan adawar da ya sulale kafin a tashi.

Abu mai daraja irin wannan ba ya tsira daga 'yan kasuwa. Sunan waƙar yana kan riguna da kofunan shayi da tallace-tallace, kuma tun 2010 kulob ɗin mallakin wani kamfanin Amurka ne, Fenway Sports Group. Sai dai rubuta alkawari a saman ƙofa yana da tsada, domin jama'a za su riƙa auna ka da shi. A watan Fabrairu na 2016 masu kulob suka sanar da tikiti mai tsadar fam 77. Ranar wasa da Sunderland, a minti na 77, mutum kusan dubu goma suka tashi suka fice, Liverpool na gaba da ci biyu, aka tashi biyu da biyu. Cikin 'yan kwanaki aka janye farashin tare da neman afuwa. A watan Afrilu na 2020 kulob ɗin ya ce zai tura wasu ƙananan ma'aikatansa su karɓi albashi daga tallafin gwamnati na korona, alhali ya ci riba mai yawa. Magoya baya da tsofaffin 'yan wasa suka yi ca, suna tambayar ina abin da aka rubuta a ƙofar Shankly, kwana biyu aka janye. Shekara guda bayan haka sai ga shirin gasar manyan kulob ta Super League, wadda za ta ware attajirai goma sha biyu ta bar sauran. Magoya baya suka ce za su kwashe tutocinsu daga Kop, kyaftin Jordan Henderson da 'yan wasa suka fito fili suka ce ba sa so. Ranar 21 ga Afrilu, 2021, babban mai kamfanin, John Henry, ya zauna gaban kyamara ya nemi gafarar magoya baya, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai.